Fadama: Ƙasar da Ruwa Ke Ara Ya Mayar

Manomi ba ya ce maka yana da gona ya yi shiru. Sai ya ƙara da cewa ta tudu ce, ko ta jigawa, ko ta fadama, domin daga nan ne za ka san abin da yake shukawa, da lokacin da yake hutawa, har da irin bashin da zai iya ci ya biya. Gonar tudu da ta jigawa sama suke kallo: in hadari ya haɗo a yi murna, in ya watse a koma addu'a. Fadama kuwa ita ce ƙasar kwari da ke shimfiɗe a gefen kogi ko rafi, wadda ruwa kan haye da damina ya kwanta a kanta makonni ko watanni, sannan ya janye ya bar mata laka da danshi. Ta wuce gaɓa, don gaɓa bakin ruwa ce kawai, fadama kuwa tana iya yin tafiyar yini. Ta kuma bambanta da tafki, don tafki riƙe ruwansa yake yi. Wurin da ruwa ba ya barinsa ba a kiransa fadama, haka ma wurin da ruwa ba ya zuwa. Sai an samu zuwan da tafiyar, kowanne a kan kari, sunan yake tabbata.

Sunan ya yi tafiya fiye da yadda masu shi suka zata. A farkon shekarun 1990, da gwamnatin Nijeriya da Bankin Duniya suka kafa shirin bunƙasa noman rani, da sunan Fadama suka bar shi har a takardunsu na Turanci, aka yi na ɗaya, aka yi na biyu, aka yi na uku, har ya kai jihohin kudu inda ba a jin Hausa. A birnin Accra na Gana akwai unguwar da ake kira Tsohuwar Fadama, tana kwance a bakin kogin Odaw, wurin da ruwa ke ci duk damina. Waɗanda suka raɗa mata suna sun san abin da suka gani.

Wanda ke son ya ga fadama a cikar kamarta, ya nufi tsakanin Haɗejiya da Nguru da Gashuwa. Yankin nan ruwan samansa kaɗan ne, wajen milimita 500 a shekara, kuma duk a cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka. Da lissafin sama kaɗai ake bi, gero da ƙaya ne rabonsa. Amma sai ga shinkafa, ga kifi, ga agwagin daji sun rufe ruwa. Asirin shi ne, yawancin ruwan da ke kwanciya a nan ba a nan ya sauka ba. Kogin Jama'are daga duwatsun Jos yake gangarowa, inda ruwan sama ya ninka na Nguru fiye da sau biyu. Kogin Kano da na Challawa su haɗu kafin Wudil su zama kogin Haɗejiya, ya bi ta Ringim ya miƙa gabas. Ruwan da ya jiƙa rufin wani a Filato, shi ne bayan makonni zai shiga gonar wani Babade da bai taɓa ganin dutsen Jos ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda ke ajiye arzikin bawa a ƙasar da bawan bai sani ba, ya kuma aiko masa da shi har ƙofar gida.

To me ya hana ruwan ya wuce abinsa zuwa Tafkin Chadi? A nan ne abin ya ƙara ban mamaki. A wani zamani mai nisa, hamada ta taɓa saukowa har wannan yanki, iska ta jera tuddan rairayi dogaye, daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kwance kusa da juna kamar kunyoyin gona. Zamanin ya wuce, ciyawa da itatuwa suka ɗaure tuddan a inda suke. Da kogunan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa da ba ta da gangare, sai suka rasa ƙarfin ratsa tuddan, suka rarrabu suka bi kwarin da ke tsakaninsu, nan korama, can tafki, can tsibiri. Rairayin da fari ya tara shi ne yau yake tare ruwa ya raba shi. Mutanen wurin sun gina garuruwansu a kan jigayin, suna noman gero a bisa, shinkafa a ƙasa, tsakanin gonakin biyu wani lokaci bai fi jifa ba.

Duk halittar da ke zaune a irin wannan wuri sai ta iya zama biyu, na ruwa da na fari. Babu wadda ta kai gaiwa nuna haka. Kifi ce, amma tana da huhu, kuma dole ne ta riƙa tasowa sama tana shaƙar iska. In aka tsare ta a ƙarƙashin ruwa aka hana ta tasowa, sai ta mutu. Kifin da ruwa kan iya kashewa ke nan. Idan kaka ta wuce ruwa ya fara ja, sauran kifaye na rububin bin korama su koma kogi, ita sai ta sa baki cikin taɓo tana haƙa, tana fitar da lakar ta kunnuwanta, har ta yi rami daidai jikinta. Sai ta naɗe, ta ɗora wutsiya a kan fuska, jikinta ya fitar da yauƙi mai yawa. Yauƙin ya bushe ya zama jaka da ta rufe ta ruf, in ban da 'yar kafa a saitin bakinta wadda iska ke bi. Ƙasa ta bushe a kanta ta tsattsage, shanu su bi ta kai, hunturu ya zo ya wuce, zafin bazara ya gasa wurin, tana nan. Bugun zuciyarta ya ragu, numfashinta ya yi nisa da juna, ba ci ba sha. Hausawa sun daɗe suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma masu binciken halittu sun iske haka ne: naman jikinta take narkarwa kaɗan-kaɗan tana rayuwa a kai. Akwai ma abin da ya fi wannan. Dattin da jikin kifi ke fitarwa guba ne, ruwa ne ke wanke masa shi. Ita da ba ta da ruwa, sai jikinta ya juya wannan guba zuwa wani sinadari mai sauƙin cutarwa, ta adana shi a jiki har ranar da ruwa zai dawo ta zubar. A daji takan yi wata bakwai ko takwas a haka. A ɗakunan bincike an ga wadda ta haura shekara uku. Ranar da ruwan farko ya ratsa tsagar ƙasa ya jiƙa jakar, sai ta motsa, ta fito a rame da yunwa, ta shiga neman dodon koɗi. Malamai kan kawo misalin busasshiyar ƙasa da ruwa ke rayarwa idan suna karantar da tashin ƙiyama, kuma ɗan fadama da ya taɓa sa fartanya ya tono gaiwa da ranta a tsakiyar rani ba ya bukatar dogon sharhi a wannan babi.

Tarwaɗa ma tana da nata rabon. An yi mata wata gaɓa a bayan kunnuwa da take shaƙar iska da ita, shi ya sa in kududdufi ya ƙafe takan ja jiki da ƙayoyin gefenta cikin dare, ta bi jiƙaƙƙiyar ciyawa ta nemi wani ruwan. Ita da bargi da karfasa duk jiran cikowar ruwa suke yi kafin su yi ƙwai, saboda cikin ciyawar da ruwa ya shanye ne 'ya'yansu ke samun abinci da maɓoya. Bargi har sheƙa yake yi, ya share fili zagayayye a cikin ciyawa ya tsaya gadi. Masunta sun san lissafin: shekarar da ruwa ya yi faɗi ya kuma daɗe, taru kan yi nauyi, shekarar da bai fita daga kogi ba, a sha miya lami. Kifin da ake kamawa a kogi, a fadama aka haife shi.

Ruwan fadama gurɓatacce ne, ja ko baƙi, ido ba ya aiki a cikinsa. Yauni, wanda wasu ke kira ɗan sarki, an ba shi abin da ya fi ido. Daga wutsiyarsa yake fitar da wutar lantarki marar ƙarfi, ba tsayawa, ta kewaye jikinsa. Duk abin da ya shigo kusa, dutse ne ko saiwa ko ɗan kifi, sai ya canja yadda wutar ke gudana, fatarsa ta ji. Shi ya sa yake riƙe jikinsa a miƙe yana tafiya da dogon fiffiken da ke bisa gadon bayansa, kuma yana yin baya da baya yadda yake yin gaba, ya shige rami da wutsiya bai goga ko'ina ba. Sai a 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Hans Lissmann, ya gano wannan a jikin wannan kifi, kuma daga nan aka buɗe babin binciken kifayen da ke ji da lantarki. Kafin a ƙera batir, kafin a ja waya, abin yana nan yana aiki a cikin taɓo. Ita kuwa minjirya ba ta tsaya ga ji ba, duka take yi da tata wutar, kuma duk yaron da ya taɓa lalube a rami ya gamu da ita ba ya bukatar a sake gabatar masa da ita.

A sama ma ana canjin gadi. Shamuwa takan iso gab da damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, in kaka ta yi ta tattara ta nufi kudancin Afirka. Tana tafiya wasu baƙin na sauka. Agwagin daji da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu, waɗanda suka yi ƙwai a arewacin Turai da Saberiya, suna guje wa ƙanƙara, su ƙetare Bahar Rum, su ƙetare Sahara, su sauka a Dagona da Baturiya da tafkin Nguru dubbai-dubbai. Sukan iso daidai lokacin da ruwa ya fara janyewa yana barin tsutsa da ƙwayar ciyawa da zubabbiyar shinkafa a fili. Wasunsu ba su kai nauyin kurciya ba. Kafin su taso sai sun tara kitse, shi ne guzurinsu a kan hamadar da ba inda za su sha ruwa, kuma da yawa daga cikinsu 'yan shekarar ne, ba su taɓa bin hanyar ba. Wa ya gaya wa tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a Rasha cewa akwai ruwa a Yobe a watan Nuwamba? A nan suke cuɗanya da 'yan gida, kirinjijiya da ɗinya da zalɓe da balbela, har zuwa Maris su juya. Saboda su ne aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, wuri na farko da Nijeriya ta shigar, Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008.

Tsirrai ba a bar su a baya ba. Shinkafar gargajiya ta Afirka, mai jan ɓawo, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, akwai irinta da ke tsere da ruwa: yana hawa tana ƙara tsawon kara, kullum kanta a waje, har ta tsaya a ruwan da zai shanye mutum, a yanke ta daga cikin kwalekwale. Giyayya da bagaruwa sukan yi watanni da gindinsu cikin ruwa ba su ruɓe ba. Bado ya shimfiɗa ganye, in rani ya yi a tono gindinsa a ci, abin da ya ceci gidaje da yawa a shekarun yunwa. Kainuwa kuwa, dashen Allah, ko ƙasa ba ta nema.

Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda fili ɗaya ke ciyar da mutum uku ko huɗu a shekara, kowa da lokacinsa. Ruwa na tsaye, na masunci ne, da birgi da mali da gora. A gefen da bai yi zurfi ba, na mai shinkafa ne. Ruwa na ja, mai wake ya bi sawunsa yana shuka a danshin da ya bari, ba ban-ruwa, ba taki, domin lakar da kogi ya sauke ita ce takin. Sai mai lambu ya kafa injinsa, inda kakansa ya kafa jigo, ya shuka albasa da tumatir da tattasai da alkama, ya kuwa samu ruwa a 'yan mitoci kaɗan, saboda abin da ya nutse da damina bai ɓata ba, ajiya ce a ƙarƙashin ƙasa, kuma ita ce ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin. Can cikin rani Bafulatani ya sauko da shanu su ci burugu da karan da ya rage, su bar kashi. Maginiya ta ɗebi yumɓu, mai tabarma ya yanki kaba. Tsarin yana da rigimarsa, musamman yanzu da lambu ya cinye burtali da mashaya, amma asalinsa bi-da-bi ne, kuma ruwa ne ke raba layin.

Zaman nan ba na jiya ba ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, a yankin kogin Komadugu Gana cikin jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da itace a zurfin kimanin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994: kwalekwale ne na maɗaci, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma sassaƙarsa ta gwani ce, ba ta mai koyo ba. Lakar fadama ce ta rufe shi ta hana shi ruɓewa.

Fadama tana da sharaɗi guda, kuma ba ta sassauta shi: a yi noma a cikinta, a kwana a tudu. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, har ambaliyar 1945 ta rushe shi aka koma bisa tudu inda birnin yake yanzu. Ambaliyar da aka gani a Ringim da Auyo da Haɗejiya a 2022 ta isa tuni. Ruwa ba ya manta hanyarsa don an yi shekara goma bai bi ta ba.

Mu ma mun taɓa agogon zuwan ruwa da tafiyarsa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, don Kano ta sha ruwa, gonakin Kadawa da Kura su yi noman rani, kuma sun yi amfanin da ba mai musu. Sai dai ruwan da a shekarun albarka kafin madatsun kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a yankin Haɗejiya da Nguru, ya koma ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990, fari ya haɗu da tarewa. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna a wancan lokaci suka iske cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama yana samar da amfanin da ya fi na wanda aka karkata zuwa manyan gonakin ban-ruwa, in aka haɗa noma da kifi da itace. Wannan magana ba ta yi wa masu son kankare daɗi ba, kuma har yau ita ake ɗagowa duk lokacin da aka tayar da batun madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana cikowa yadda aka halicce shi.

Raguwar ruwan ma ba ita ce babbar ɓarnar ba. Da aka fara sako ruwa daga madatsa da rani, sai wasu mashigai suka daina bushewa. Kachalla, ciyawar nan doguwa mai kan gora-gora, a da rani ne ke kashe ta. Da ta samu ƙasa jiƙe shekara zagaye sai ta kafu. Kai ɗaya nata na ɗauke da ƙwaya fiye da 100,000, iska ta kwashe, saiwarta kuma ta yi ta rarrafe a ƙarƙashi tana tsiro. Ta toshe mashigai, laka ta taru a bayanta, ruwa ya karkata. Wajen Marma da Nguru ya kwanta a gonakin da a da yake bari, ya ƙi tashi. Wajen Burum Gana da tsohon kogin Haɗejiya kuwa aka wayi gari ana neman abin da za a ba shuka. Jan-baki ya samu masauki a cikinta, yana fitowa garke-garke ya faɗa wa shinkafa da gero. Ban ga laifin kachalla ba, umarnin da aka halicce ta a kai take bi. Garuruwa sukan yi gayya su shiga da lauje da adda, ruwa iya wuya, su buɗe hanyar jirgi, hukumomi su kawo injin yanka, wasu kuma na gwada mayar da ita gawayi da abincin dabbobi da iskar girki. Masu lura da kogin sun fi ba da shawarar a riƙa sako ruwa da yawa da damina, a rufe da rani har mashigan su bushe, wato a kwaikwayi yadda kogin yake yi da kansa.

Abin da ya tsira daga duk wannan shi ke fita ta Gashuwa da sunan kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar. Kaso ne ƙarami na abin da ya shigo, sauran ya tafi a tururi da ganye da ƙarƙashin ƙasa. Da wannan ragowar ne manoman Diffa ke noman jan tattasan da ake busarwa a ɗura a buhu a loda wa manyan motoci zuwa kasuwannin Nijeriya, kafin kogin ya ƙarasa Tafkin Chadi ta wajen Bosso da Malam Fatori.